ƊAN HAKIN DA KA RAINA: MA'AUNIN ZAFIN MAN GIYA A MOTA MAI OTOMATIK



Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta, motoci sai ƙaruwa suke yi a garin nan da kewayensa. Mu da muke zaune a Limawa ba sai an ba mu labari ba. A zamanin iyayenmu, motar da ta fi yawa a hanya ita ce Peugeot, wadda muke kira Fijo, da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Giyarta ta hannu ce, direba ya taka kuloci ya sa lamba ɗaya, ya sa biyu, har ya kai inda yake so. Yau kuwa yawancin ƙananan motocin da ake shigowa da su ta Legas da Kwatano, irin su Toyota da Honda, masu giyar otomatik ne, watau motar ce da kanta take canza giya, direba ba ruwansa da kuloci.

Wannan sauƙi ya zo da nasa larurori. A cikin giyabos na irin waɗannan motoci akwai wani ɗan ƙaramin abu wanda bakinsa bai fi ƙwallon dabinon Dutse girma ba. Kanikawa suna kiransa sensa, aikinsa kuwa auna zafin man giya. In ya lalace, mota takan rikice ta yi kamar giyabos ɗinta ya mutu, har a sa mai ita ya sayi wani, alhali kuwa lafiyarsa ƙalau. In kuma lafiyar sensar lau take, aka yi watsi da gargaɗinta, to, giyabos ɗin zai ƙone da gaske. Saboda haka duk gyaran ya rataya ne a kan tambaya guda: ƙarya sensar take yi, ko kuwa gaskiya take faɗa? Abin da wannan maƙala za ta yi bayani ke nan.

Yadda giyar otomatik take aiki

Kafin a yi nisa, giyar da ake magana a nan ta mota ce, kada wani ya kai ƙarata wurin Malam.

Giyar otomatik ba sabon abu ba ce a duniya. Kamfanin General Motors na Amurka ya fito da irin wadda ake kira Hydra-Matic a 1939, aka sa ta a motocin Oldsmobile ƙirar 1940. Tun daga wancan lokaci har yau, ran wannan giya shi ne mai. Man nan, wanda galibi ake rina shi ja don kada a haɗa shi da baƙin man inji, ayyuka huɗu yake yi.

Na farko, shi ne yake ɗauko ƙarfin inji ya kai shi giyabos. Tsakanin inji da giyabos akwai wani abu mai kama da ƙwarya biyu da aka kifa wa juna, ana ce masa kwanbata. A cikinsa akwai fukafukai biyu suna fuskantar juna. Ka ɗauki fanka biyu ka sa su gaba da gaba, ka kunna ɗaya, za ka ga iskarta tana juya ɗayar. Haka abin yake a cikin kwanbata, sai dai mai ne a madadin iska. Na biyu, man ne yake matse faifan da kanikawa suke kira faiba, waɗanda kamawarsu da sakinsu ke sa giya ta shiga ko ta fita. Na uku, yana shafe haƙoran ƙarfe don kada su ci juna. Na huɗu, yana kwashe zafi ya kai shi wani bututu da ke cikin lagireto ya huce, sa'an nan ya komo.

To, shi mai halinsa yana sakewa da zafi. Kowa ya san yadda man shanu yake daskarewa da sanyin hunturu, ya narke da rana. Man giya ma in ya yi sanyi kauri yake yi, ya riƙa tafiya da ƙyar. In ya yi zafi ya tsinke kamar ruwa. Inda ya fi jin daɗin aiki shi ne wajen digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyas. In ya daɗe sama da digiri 120, sai ya fara ƙonewa, ya yi baƙi, robobin da ke tare shi su bushe su tsage, faiba ta fara zamewa. Zamewar kuma ta ƙara haifar da wani zafin, abu ya yi ta gaba har giyabos ya tashi aiki.

Aikin sensa

Daga shekarun 1980 masu ƙera motoci suka fara ɗora wa kwamfuta alhakin canza giya. Wannan kwamfuta ita ce ake kira ƙwaƙwalwar mota. Ba ta da ido, ba ta da hannun da za ta taɓa mai ta ji ɗuminsa, sai abin da 'yan aikenta suka gaya mata. Sensar zafin mai ɗaya ce daga cikin 'yan aiken nan.

Waɗanda suke karatun kimiyya a cikinmu sun san kowane abu yana da irin turjiyar da yake yi wa lantarki in zai ratsa shi, ana kuwa auna wannan turjiya da ma'aunin om. A 1833 masanin nan na Ingila, Michael Faraday, ya lura akwai sinadarin da turjiyarsa take raguwa in ya yi zafi. A kan wannan hali aka gina sensar. In mai yana da sanyi, turjiyarta takan kai om dubu da yawa. In ya ɗau zafi sai ta sauko zuwa 'yan ɗaruruwa. A motocin Toyota da dama, alal misali, takan kasance wajen om 3,500 a digiri 25, ta sauko wajen om 250 a digiri 110. Kowane kamfani da nasa lissafin, yana kuwa rubuce a littafin gyaran motar.

Wayoyi biyu ne suke zuwa wurin sensa. Ƙwaƙwalwar mota takan aika lantarki mai ƙarfin bolt 5 ta ɗaya, ta tsaya tana duban abin da zai faru. A kwatanta da mai ban ruwa a fadama. In ya toshe bakin kwalbati, ruwa zai taru ya yi sama a bayansa. In ya buɗe, ruwan ya wuce, tarin ya sauka. Haka nan in mai yana da sanyi, sensa ta tsuke hanya, lantarki ya taru, ƙwaƙwalwa ta ga adadi mai yawa. In mai ya yi zafi hanya ta buɗe, adadin ya ragu. Da wannan hawa da sauka take gane zafin mai.

Da labarin da ta samu take yanke shawara iri-iri: lokacin da za ta canza giya, ƙarfin da za ta matse faiba da shi, da lokacin da za ta kulle kwanbata don inji da giyabos su juya tare a rage shan fetur. Motoci da yawa ba sa kulle kwanbata sai mai ya yi ɗumi, wasu ma ba sa shiga giyar ƙarshe. In kuma ta ji zafi ya wuce kima sai ta kunna fitilar gargaɗi, ta sake salon tafiyar don ta ceci giyabos.

Alamomin da direba zai gani

In labarin da sensa take kaiwa ya gurɓace, ga abubuwan da akan gani. Fitilar nan mai hoton inji takan kama a gaban direba. A wasu manyan motocin Toyota akwai fitila ta musamman mai rubutun A/T OIL TEMP. A motocin Honda da yawa harafin D ne yake ƙyaftawa. Mota takan riƙa fizga in za ta canza giya, ko ta yi jinkiri inji ya yi ta kuka kafin giya ta shiga. A kan babbar hanya, kamar daga Shuwarin zuwa Azare ko daga Dutse zuwa Wudil, direba zai ji inji yana gudu fiye da yadda ya saba, fetur kuma yana zurarewa. Wani lokaci motar takan maƙale a giya ɗaya, ta biyu ko ta uku, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Wannan maƙalewa da gangan ƙwaƙwalwa take yin ta, don mota ta lallaɓa ta kai gareji ba tare da an yi ɓarna ba.

Sai dai a lura, duk alamomin nan wasu cututtukan ma suna kawo su. Ƙarancin mai yana kawo su, mataccen mai yana kawo su, haka nan lalacewar sensar gudu. Wanda ya ce daga jin ƙarar mota ya gane sensar zafi ce, cika baki yake yi. Likita ma sai ya auna kafin ya rubuta magani.

Gwaji kafin kwancewa

Mataki na farko ba ya bukatar ko sisi: a duba man kansa. A tsai da mota a wuri mai daidaito, bayan ta yi ɗumi. A yawancin motoci ana barin inji yana aiki, giya tana kan P, a zaro geji a goge, a mayar, a sake zarowa a duba. Honda ta sha bamban, ita sai an kashe inji a duba nan take. A ɗiga man a farar takarda. In ja ne garau, madalla. In ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna, to, giyabos ya sha zafi da gaske, sensar ba ƙarya take yi ba. In kuwa ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, bututun cikin lagireto ya fashe, ruwa ya shiga mai. Wannan babbar matsala ce, kada a ƙara tuƙa motar.

Mataki na biyu shi ne a sa mata kwamfutar gwaji. Tun daga 1996 dokar Amurka ta tilasta kowace ƙaramar mota da za a sayar a can ta zo da wani soket mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II. Turai ma ta bi sahu daga baya. Da yake motocinmu da yawa daga can suke, suna da shi. In an jona na'urar, mota takan faɗi ciwonta da lambobi. Waɗanda suka shafi zancenmu su ne:

P0710, akwai matsala a layin sensar zafin man giya.
P0711, adadin da sensar take bayarwa bai yi kama da gaskiya ba, ko ya tsaya wuri ɗaya ba ya motsi.
P0712, lantarkin layin ya yi ƙasa ainun, galibi waya ta goge ta taɓa jikin mota.
P0713, lantarkin layin ya yi sama ainun, galibi waya ta tsinke ko soket ya zare.
P0714, saƙon yana zuwa yana ɗaukewa.
P0218, man giya ya yi zafi fiye da kima.

A duba da kyau, lambobi biyar na farko layi suke zargi, watau sensa da wayoyinta da soket ɗinta gaba ɗaya. Ba su ce lalle sensar ce ta mutu ba. Ta ƙarshen kuwa zafi take nufi, sai a binciki dalilinsa.

Mataki na uku shi ne ya fi kowanne daɗi, domin hankali kawai yake bukata. A bar mota ta kwana ba a tashe ta ba. Da sassafe a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a sa na'urar ta nuna zafin abubuwa uku: ruwan lagireto, iskar da inji yake shaƙa, da man giya. Tun da motar ta kwana a wuri ɗaya, dole ukun nan su yi kusa da juna, su kuma yi kusa da yanayin garin. In biyu sun ce digiri 24, man giya ya ce 95, an kama maƙaryaci. In ya nuna digiri 40 ƙasa da sifiri, sanyin da ko a tsakiyar hunturu Dutse ba ta taɓa mafarkinsa ba, to, layi ya yanke. In ya nuna 150 ko abin da ya yi kusa da haka alhali mota ba ta motsa ba, waya ta haɗe da ƙarfe. Ba kowace ƙaramar na'ura ce take iya nuna zafin man giya ba, saboda haka a nemi garejin da yake da mai iyawa.

Mataki na huɗu, a bi waya. Nan ne aikin mai gyaran wayoyin mota, wanda ake kira riwaya. A jikin giyabos akwai babban soket inda wayoyi suke shiga. A zare shi a duba. Ƙurar hunturu, da ruwan damina, da ruwan masu wankin mota da suke fesa wa inji da ƙarfi, duk suna sa haƙoran soket su yi tsatsa ko su yi kore. Wani lokaci man giya ne yake tsattsafowa ya cika soket ɗin. Ɓeraye ma ba a bar su a baya ba, musamman motar da take kwana kusa da rumbu ko ɗakin ajiyar hatsi, sukan shiga su gaigaye wayoyi. A bar na'urar a jone, a riƙa girgiza wayoyin da hannu. In adadin yana tsalle, akwai inda waya ta karye a cikin rigarta. Sau da yawa a nan gyaran yake ƙarewa: a wanke soket, a ɗaure waya da dalma, a naɗe ta da kyau, shi ke nan.

Akwai kuma gwajin da yake raba gardama tsakanin sensa da waya. In an zare soket, ya kamata na'ura ta nuna matsanancin sanyi. In an haɗa ramuka biyu na sensar da 'yar guntuwar waya, ta ɓangaren da ya nufi ƙwaƙwalwa, ya kamata ta nuna matsanancin zafi. In duka biyun sun faru, waya da ƙwaƙwalwa lafiyarsu lau, laifin yana cikin giyabos. Amma kada wanda ba shi da taswirar wayoyin motar ya gwada wannan, domin a soket ɗin akwai wasu ramukan da in aka haɗa su ƙwaƙwalwa za ta ƙone, kuɗinta kuwa ya ninka na sensa sau da yawa.

Mataki na biyar, a auna sensar kanta da mitar lantarki, a kan ma'aunin om. A auna da safe mota tana sanyi, a sake aunawa bayan ta yi tafiya, a gwada da lissafin da ke littafin motar. In an riga an ciro ta, ana iya tsoma bakinta cikin ruwan da ake ɗumamawa a tukunya, mita tana jone. Lafiyayyar sensa adadinta zai riƙa sauka sannu a hankali yayin da ruwan yake ɗaukar zafi. Wadda ta lalace za ta tsaya cik, ko ta riƙa tsalle-tsalle, ko mita ta nuna babu hanya sam.

Yadda ake canza ta

In gwaji ya tabbatar sensar ce, sai a san inda take. A wasu motoci a waje take, an ɗaura ta a jikin giyabos kamar noti, canza ta aikin 'yan mintoci ne. A mafi yawa kuwa tana ciki, nutse cikin mai. A Corolla da Camry da yawa haɗe take da damin wayoyin cikin giyabos, saboda haka damin ake canzawa gaba ɗaya. A wasu motocin Mercedes-Benz tana jikin wani faranti na lantarki, shi ma ɗungurungum ake sake shi. Kafin a tafi sayayya, ko a Dutse ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, a rubuta lambar jikin motar da lambar kayan, domin mota biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya suna iya zuwa da giyabos dabam-dabam. In ta hannu za a saya, wadda ake kira Beljiyam, a tafi da mita a auna ta a gaban mai shago.

Ga yadda aikin yake tafiya in sensar tana ciki. A bar mota ta huce sarai, domin man da ya kai digiri 90 yana saɓule fata. A cire kan batir na baƙar waya. A ja birkin hannu, a sa wa tayoyi waigi. A hau ramin gareji, ko a ɗaga motar a tokare ta da ƙafafun ƙarfe. Kada kowa ya kuskura ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, rai ba shi da safaya.

Daga nan a tsiyaye mai a cikin mazubi mai tsabta, a auna yawan abin da ya fito. Ba duka yake fitowa ba, mai yawa yana zama a cikin kwanbata. A kwance notocin kaskon da ke ƙarƙashin giyabos, a sauke shi a hankali. A cikin kaskon akwai maganaɗisu. In laka mai laushi kamar toka ce a jikinsa, wannan cin yau da gobe ne. In kuwa ɓarɓashin ƙarfe ne mai ƙyalli, ko gutsattsarin faiba, to, ciwon ya wuce sensa, a gaya wa mai mota gaskiya tun kafin ya kashe kuɗinsa.

A lura da yadda tsohuwar waya ta bi, in da hali a ɗauki hotonta da wayar hannu, sa'an nan a cire ta. A shafa wa zoben roba na sabuwar ɗan man giya, a zaunar da ita, a mayar da kowane soket inda yake. Tun da an riga an buɗe, ya kyautu a sa sabuwar matatar mai da sabon gasket. Babban abokin gābar wannan aiki shi ne ƙasa. Cikin giyabos akwai hanyoyin mai sirara ƙwarai, tsaba ɗaya ta rairayi tana iya maƙale bawul. Saboda haka kada a buɗe giyabos a fili ranar da iskar hunturu take kaɗawa, kada kuma a goge cikinsa da tsumma mai zubar da zare. Wajen mayar da kasko a ɗaure notoci a hankali, wannan gefe sa'an nan wancan, ba da ƙarfin tuwo ba, domin jikin giyabos na alminiyam ne, haƙorinsa ba ya jure murɗiya.

Sai zuba mai. A nan ne mutane da yawa suke yin asara. Man giya iri-iri ne: akwai Dexron, akwai T-IV da WS na Toyota, akwai DW-1 na Honda, akwai kuma na giyar CVT wanda ba ya haɗuwa da sauran ko kaɗan. Jan launi ba shaida ba ne. A duba abin da aka rubuta a jikin geji ko a littafin mota, a zuba shi daidai yawan wanda aka tsiyaye, sa'an nan a daidaita.

Sababbin motoci da yawa ba su da geji. Ana gane cikar mansu ne ta wani rami da ake buɗewa a ƙasa, kuma dole sai mai yana kan wani zafi na musamman, domin mai yana kumbura in ya ɗumama. A wasu ƙirar Toyota zafin da ake so yana tsakanin digiri 35 da 45. To, ga abin lura ga mutanen ƙasarmu: a watan Afrilu da Mayu zafin rana a Dutse yakan haura digiri 40 ko a inuwa. Motar da ta wuni a rana, da an tashe ta kaɗan manta ya wuce ma'aunin. Saboda haka irin wannan aiki da sanyin safiya ake yinsa. Wa yake faɗin zafin man a lokacin? Sensar nan dai. Ashe in tana ƙarya, ko cikar mai ba za a samu daidai ba.

A ƙarshe a mayar da kan batir, a goge tsofaffin lambobi da na'ura, a fita gwaji. Ya kamata a ga zafin yana hawa sannu sannu har ya tsaya inda ya dace, giya tana shiga ba fizga. A dawo a leƙa ƙasa ko akwai yoyo. Tsohon man kuma kada a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya, a tara shi a jarka a kai wa masu saye.

In sensar gaskiya ta faɗa

In gwaji ya nuna sensa lafiyayya ce, man ne yake zafi da gaske, to, canza ta ɓarnar kuɗi ce. A nemi tushen zafin. Ko mai ya yi ƙasa saboda yoyo. Ko ya tsufa. Ko ƙura da ƙaiƙayi sun toshe fuskar lagireto. Ko fanka ba ta juyawa. Ko kuwa lodi ne ya yi yawa, domin ƙaramar motar da aka ƙera don mutum biyar, in aka danƙara mata buhunan gero da riɗi ranar kasuwa, aka bi da ita hanyar rairayi da tsakar rana, kwanbata zai yi ta dakan mai har ya tafasa shi. Wanda motarsa ta kafe a yashi ya yi ta taka totur yana gaba yana baya, shi ma dafa man yake yi. In fitilar zafi ta kama a hanya, a sauka gefe, a sa giya a P, a bar inji yana aiki a hankali don mai ya zagaya ya huce, muddin dai injin kansa bai yi zafi ba.

Akwai wasu dabaru guda biyu da ya wajaba a guje su. Ta farko, cire ƙwan fitilar gargaɗi ko liƙe ta da baƙin salatif. Ta biyu, yanke wayar sensa a ɗaura wani ɗan abin lantarki mai turjiya tsayayya a madadinta, don ƙwaƙwalwa ta riƙa ganin digiri 80 dare da rana. Fitila za ta iya mutuwa, mai mota ya biya yana murna. Amma an mai da motar kamar gidan da aka ɗaure bakin karensa. Ranar da zafi zai zo da gaske babu mai faɗa, sai dai a ji ƙauri.

Jan hankali

Ga iyayenmu masu motoci, roƙona shi ne, duk bakaniken da ya ce a sauke giyabos ko a sayo wani, a tambaye shi abu uku cikin girmamawa: wace lamba na'ura ta nuna, nawa zafin mai ya nuna da safe, kuma an duba soket da waya? Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya, zai ma ji daɗin ya sami wanda ya san darajar aikinsa. Kuɗin gwaji kaɗan ne in an kwatanta da kuɗin giyabos, wanda yake iya cinye abin da aka tanada don kuɗin makaranta da abincin gida.

Ga 'yan'uwana ɗalibai kuma, musamman masu zuwa gareji koyon sana'a bayan an tashi daga makaranta ko lokacin hutu, ku dubi yadda darasin turjiya da lantarki da muke yi a aji ya fito ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin mota. Gyaran motar yau yana son sifana, yana kuma son mita da karatun taswira da lissafi. Wanda ya haɗa su ba zai rasa abin yi ba a Dutse ko a ko'ina. Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido, sun kuma ce rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a karatunmu da sana'o'in iyayenmu, amin.